Ɗacin Shayin Baba Ƙarfe

Akwai wani dattijo direban motar makaranta da kowa ke kira Baba Ƙarfe. Sunan kuwa shi ya jawo wa kansa. Ba ka isa ka ce masa "ya jiki" ba sai ya bugi ƙirji ya ce, "Jikin nan ƙarfe ne, ciwo ya san gidan da yake shiga."

Shekara ashirin da biyu yana jan doguwar motar nan. Yaran da ya fara ɗauka sun girma sun haifi nasu, su ma shi ke kai su makaranta. Ko ƙwarzane bai taɓa yi wa motar ba. Makullinta a ɗaure yake da igiya a ƙugunsa, in ya zauna hira ma yana juya shi a hannu. Duk wanda ya san Baba ya san makullin nan shi ne mutuncinsa.

Wata rana makarantar ta kawo ma'aikatan lafiya suka duba kowa da kowa. Aka ce Baba yana da hawan jini. Likita ya rubuta masa magani, ƙwaya ɗaya kullum da safe.

Baba ya dawo gida yana huci, ya wurga kwalin maganin saman kabad.

"Ni ke da hawan jini? Na'urarsu dai ke da hawan jini!" Ya ɗaga hannunsa na dama ya nuna wa matarsa. "Uwargida, kin ga hannun nan? Ba zai taɓa kai ƙwayar nan bakina ba. Ki rubuta ki ajiye."

Uwargida ta yi lallashi, ta yi nasiha, ta turo masa ƙannensa da 'ya'yansa, duk a banza. Daga baya sai ta yi shiru da maganar. Baba kuwa ya ɗauka ya ci nasara.

Abu ɗaya ne ya fara damunsa a kwanakin nan, shayinsa na safe. Shi mutum ne da ba ya fita sai ya sha babban kofi cike. To shayin ya soma yi masa wani ɗaci-ɗaci a ƙarshen harshe. Ya ƙara sukari, ɗacin na nan. Ya je ya sami mai kanti ya wanke shi tas, wai yana sayar wa mutane tsohon ganye. Sau uku yana canja ganyen shayi, ɗaci bai tafi ba. Ƙarshe ya haƙura ya ce kayan zamani ne, ba abin da ke da albarka yanzu.

Ana haka sai bakaniken da ke gyara masa mota, sa'ansa kuma abokin hirarsa, ya yanke jiki ya faɗi a gareji. Ɓarin jikinsa ya shanye. Baba ya je dubiya, ya ga ƙaton da ke ɗaga taya da hannu ɗaya yau sai an riƙe masa kofi. Aka ce hawan jini ne, shi ma ya ƙi shan magani.

Jama'a, Baba ya tsorata. Ya dawo jiki a sanyaye, ko abincin kirki bai ci ba. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Da Uwargida ta shiga wanka ya laluba saman kabad, bai ga kwalin ba. Ya ce a ransa ta zubar. Ya tambaye ta kuma? Ina! Bayan duk cika bakin nan? Sai ya tuna takardar likita tana cikin aljihun gaban mota. Ya ɗauka ya tafi wani kemis can ƙarshen gari inda ba wanda ya san shi, ya sayo maganin, ya ɓoye a gidan tabaransa.

Da ya ɓallo ƙwayar ya dube ta, 'yar mitsitsiya kamar maɓallin riga. Ya yi tsaki.

"Wannan me za ta yi wa ƙato kamata?"

Sai ya riƙa shan biyu. Kullum da safe, in ya shiga mota kafin ya tayar, ya waiga hagu ya waiga dama, ya haɗiye.

Bayan 'yan makonni jiri ya fara ziyartarsa. In ya miƙe tsaye sai ƙasa ta ɗan juya. Ga kasala, matakalar mota uku kacal amma sai ya huta. Bai gaya wa kowa ba.

Ranar da asiri ya tonu, ya kawo yara lafiya, ya tsaya a ƙofar makaranta, ya ja birki. Yana sa ƙafa ƙasa duhu ya rufe masa ido. Sai ganin Baba Ƙarfe aka yi zaune daɓas a ƙasa, hula ta yi nata wuri. Yara suka ɗauki ihu.

Shugabar makarantar ta ga komai ta taga. Ta kira shi ofis.

"Ranki ya daɗe, santsi ne," in ji Baba.

"Baba, rabon da a yi ruwa yaushe? Ina ganin girmanka, amma yara arba'in kake ɗauka. Ba ni makullin. Na ba ka sati biyu ka kawo takardar likita cewa za ka iya tuƙi. In babu, dole in nemi wani."

Baba ya kwance igiyar nan ya miƙa mata makullin. Ya koma gida yana taɓa ƙugu, ba komai a wurin. Wallahi abin ya ci shi ƙwarai.

Washegari ya shirya zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Uwargida ta ɗauki jakarta ta ce ƙafarsa ƙafarta. A hanya ya ja mata kunne.

"In mun je ki kama bakinki. Takarda kawai zan karɓa mu dawo. Duk abin da aka tambaya, lafiya lau."

Suka yanki kati suka zauna a benci. Fanka na juyawa a sama tana ƙara, layi kuwa ba ya sauri. A bakin ƙofar likita akwai wani ɗan tebur da kujera biyu da sikeli, ga wata nas zaune. Ba mai ganin likita sai ya bi ta wurinta.

Wani da ke kusa da Baba ya raɗa masa, "Yau Lauya ce a tebur, sai haƙuri. Wannan sai ta tambaye ka abin da kakanka ya ci kafin ta sake ka."

Baba ya yi murmushi. Ya ce a ransa, yarinyar da ba ta fi ya goya ta ba, me za ta tatsa a bakinsa?

Layi ya zo kansu. Lauya ta miƙe ta gaishe su da fara'a, ta ja wa Uwargida kujera.

"Sannu Baba, sannu Mama. Me ke tafe da ku?"

"Ba komai, 'yata. Takardar shaidar lafiya nake so, ki buga min hatimi in wuce."

"To Baba, ai hatimin yana hannun likita. Ni aikina in ji ta bakinka, in ji ta bakin jikinka. Bismilla, hau sikeli."

Ya hau, ta rubuta. Ta sa masa ma'aunin zafi a hammata, ta ciro ta duba, ta ce zafin jiki daidai. Baba ya kalli Uwargida ya ɗaga gira.

Ya miƙa hannu a gwada jini a gama, Lauya ta ce a'a, ya zauna ya huta minti biyar tukuna, ya jingina, ƙafafu a ƙasa, kada ya harɗe su. Kafin nan ta buɗe kati ta ɗauki biro.

"Baba, kana jin ciwon kai?"

"Babu."

"Jiri fa, musamman in ka miƙe?"

"Babu."

"Ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi maka wuya?"

"Babu."

"Ka taɓa faɗuwa kwanan nan?"

"Santsi ne."

Ta rubuta wannan ma, ba ta ko yi dariya ba. Ta tambayi barcinsa, ta tambayi fitsari, ta tambayi ko yana shan taba, ko akwai mai ciwon zuciya ko na sukari a danginsu. Baba sai zuba "babu" yake yi.

"An taɓa ce maka kana da hawan jini?"

"An faɗa, amma sharrin na'ura ne."

"Kana shan wani magani? Na asibiti, na kemis, ko na gargajiya?"

Baba ya ji gidan tabarau ya yi masa nauyi a aljihu. Ga Uwargida zaune a gefe. Ya gyara murya.

"Ni da magani? Tambayi uwargidana. Ko na ciwon kai ba na sha."

Uwargida ta sunkuyar da kai tana wasa da hannun jakarta.

"Cin abinci fa? Akwai abin da ya canja?"

"Ina ci sosai. Shayi ne dai ya lalace a ƙasar nan, wata uku ke nan ɗaci yake min."

Lauya ta ɗaga ido ta dubi Baba, ta dubi Uwargida, ta rubuta wani abu. Sannan ta naɗa masa abin awon jini a damtse ta ce kada ya yi magana. Abin ya kumbura ya matse hannu, ya saki a hankali. Ta duba. Ta sake gwadawa a ɗaya hannun.

Daga nan ta ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa tana kallon agogo, har minti guda cur. Ta gama ba ta saki hannun ba, ta ƙara wani mintin. Baba bai sani ba, numfashinsa take ƙirgawa, don in ka gaya wa mutum za ka ƙirga numfashinsa sai ya fara yi maka na ƙarya.

"Baba, ɗan miƙe tsaye in sake gwadawa."

Ya miƙe da ƙarfinsa don ya nuna mata. Nan take ɗakin ya juya, ya cafki bakin tebur. Lauya ta riƙe shi, ta gwada da sauri, ta zaunar da shi.

"Wannan ma santsi ne, Baba?"

Baba ya kau da kai.

Ta ajiye biro ta matso da kujerarta. Muryarta a tausashe, ba faɗa a ciki.

"Baba, bakinka ya ce lafiya lau, hannunka ya ce ba haka ba. Jininka ya yi ƙasa sosai, tamanin da takwas bisa hamsin da huɗu, da ka miƙe ya ƙara faɗuwa. Zuciyarka tana bugawa sau arba'in da shida a minti, ya kamata ta kai sittin. Mai hawan jinin da ba ya shan magani ba haka ake ganinsa ba."

"To me ke nan?"

"Likita ne zai yanke. Amma in har ba ka shan komai, dole a yi zargin zuciyar ce da kanta, a tura ka babban asibiti. Kuma ba likitan da zai sa hannu ka ja mota da yara a haka. In kuwa wani magani ne ya jawo, gyaran mai sauƙi ne. Shi ya sa nake ta tambaya. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya, Baba."

Baba yana ta kokawa da zuciyarsa, ga makulli ga girman kai. Kafin ya yanke shawara sai ya ji shessheƙa a gefensa.

Uwargida ce ke kuka. Ta buɗe jaka ta ciro wani kwali ta ajiye a tebur. Baba ya gane shi sarai, irin wanda ya wurga saman kabad ne.

"'Yata, ni ce," in ji ta. "Ya ce hannunsa ba zai kai bakinsa ba. Ni kuma na kasa zuba ido. Kullum da safe nake murƙushe ƙwaya ɗaya da bayan cokali in zuba masa a shayi. In ya ƙare in kai kwalin kemis a ba ni wani. Wata uku ke nan."

Baba ya zabura.

"Ke! Shayin! Ashe ke ce! Na je na ci mutuncin bawan Allah mai kanti a banza! Sau uku ina canja ganye kina kallona, har kina taya ni cewa kayan zamani ne!"

Mutanen benci suka fara ƙunshe dariya. Uwargida kuwa ba dariya a ranta, kuka take sosai.

"Ka yafe min, Malam. Tsoro nake kada ka faɗi irin na bakanike. Ashe ni ce zan kashe ka da hannuna. Ni na raba ka da motarka."

Lauya ta ɗauki kwalin ta karanta.

"Mama, ɗaya kike sa wa? Ba ki taɓa ƙarawa ba?"

"Wallahi ɗaya, yadda likita ya rubuta."

"To abin da mamaki. Ƙwaya ɗaya ta wannan ba ta cika kai mutum nan ba." Ta juyo. "Baba, ko akwai abin da ka manta?"

Nan fa ake yin ta. Baba ya ga hanya a buɗe. In ya ce babu, shi ke nan, laifi ya zauna a kan Uwargida, shi kuma ya fita da sunansa na ƙarfe. Ba wanda ya san zancen gidan tabarau sai shi da Allah.

Ya dubi matar nan. Shekara talatin da ɗoriya suna tare. Wata uku tana tashi da sassafe tana murƙushe ƙwaya a ɓoye, tana shan faɗansa a kan shayi, don kawai kada ta rasa shi. Ga ta yanzu tana goge hawaye da gefen mayafi tana kiran kanta mai kisa. Kunya ta kama shi, tausayinta ya cika masa zuciya.

A hankali ya sa hannu a aljihu, ya ciro gidan tabarau ya ajiye kusa da kwalin. Ya buɗe. Ba tabarau a ciki, sai ƙwayoyi.

Uwargida ta tsaya da kukan cak.

"Malam, mene ne wannan?"

"Tun ranar da na dubo bakanike," in ji Baba, yana kallon silin. "A mota nake sha."

Lauya ta haɗa biyun ta duba, magani iri ɗaya ne sak.

"Guda nawa kake sha, Baba?"

Ya ɗaga yatsu biyu, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba.

"Na ga ƙanana ne."

Uwargida ta dube shi, ta dubi hannunsa na dama.

"Wannan hannun? Wanda aka ce in rubuta in ajiye?"

"Da na hagu nake sha," in ji Baba.

Ai kuwa sai dariya ta ɓarke. Uwargida tana yi hawaye na zuba, mutanen benci har da masu riƙe ciki. Lauya ma da ta daure ta daure sai da ta kifa kai a tebur. Baba ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya gagara, shi ma ya fashe.

Da aka natsu Lauya ta ce, "Ɗaya a shayi, biyu a mota. Uku ke nan kullum a maimakon ɗaya. Baba, ka gode wa Allah a ƙofar makaranta jirin ya kama ka, ba a kan titi ba."

Wannan maganar ta shige shi. Ya tuna fuskokin yaran nan a madubin mota, dariyar ta ɗauke.

Ba ta bar shi ya koma layi ba. Ta rubuta komai a kati, ta shiga da su wurin likita nan take da kwali da gidan tabarau. Likita ya karanta, ya saurari ƙirjinsa, ya sa aka yi masa gwajin zuciya, aka kwantar da shi 'yan awanni ana duba shi. Kafin a sallame shi ya tsara masa yadda zai koma ƙwaya ɗaya tak, da hannunsa, a gaban shaida. Ya hana shi tuƙi, ya ce ya riƙa zuwa ana gwada shi. Uwargida ma ta sha nata faɗan, aka ce kada ta ƙara ba wa kowa magani bai sani ba.

Ranar kwana na goma da karɓe makulli Baba ya zauna a gaban Lauya. Wannan karon tun kafin ta buɗe kati ya fara ba da labari, har da abin da ba a tambaye shi ba. Sai da ta ce, "Baba, ya isa, akwai mutane a layi."

Jini ya daidaita, bugun zuciya sittin da takwas. Ya miƙe tsaye, ƙasa ta tsaya wuri ɗaya. Likita ya sa hannu, ya buga hatimi.

Daga asibiti bai zarce makaranta ba. Sai da ya biya kanti ya ba mai kanti haƙuri, ya ce ganyensa ba shi da laifi. Sannan ya kai takarda, shugaba ta miƙo masa makulli, ya ɗaure shi a ƙugu ya yi masa ƙulli biyu.

Washegari da safe Uwargida ta kawo shayi. Baba ya ɓallo ƙwaya ɗaya, ya ɗaga ta sama da hannun dama don ta gani da kyau, ya haɗiye da ruwa. Ya kurɓi shayin, ya lumshe ido.

"Kai! Yau ga shayi."

Uwargida ta yi dariya ta juya za ta fita. Ya kira ta.

"Uwargida."

"Na'am, Malam."

"Wancan mai ɗacin ma, na gode."

Darasi: In ka zauna gaban ma'aikacin lafiya, faɗi gaskiya duka. Tambayoyin nan da kake gani kamar ɓata lokaci, da awon jini da na bugun zuciya, su ne fitilar da likita ke gani da ita. Kada ka ɓoye maganin da kake sha, kada ka ƙara wa kanka adadi, kada kuma ka ba wani magani a ɓoye ko da don ƙauna ne. Girman kai rawanin tsiya ne, ya kusa raba Baba da makullinsa, gaskiya ta dawo masa da shi. In akwai wani Baba Ƙarfe a gidanku, kuma na san akwai, tura masa wannan ya karanta, ka tura wa mai haɗa masa shayi ma.